Ɗinki a Nan, Sawa a Can: Yadda Ake Gina Manhajar Wayoyin Kasuwar Kaduna



Ina godiya ga ƙungiyar ɗalibai da ta ba ni damar tsayawa a gabanku. An nemi in yi bayani a kan wani fanni na ilmin kwamfuta wanda ko a cikin masu karatun kwamfutar ma ba kowa ke waiwayarsa ba, watau yadda ake gina manhaja a kan wata na'ura domin ta je ta yi aiki a kan wata na'urar da ba jinsinsu ɗaya ba, da kuma yadda ake ɗaure irin waɗannan manhajoji ƙunshi-ƙunshi a rarraba wa jama'a. Na san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan ɗalibin shari'a ko akawun ma'aikatar kuɗi da wannan? To, duk wanda ke zaune a zauren nan da waya a aljihunsa, sakamakon wannan aiki yake ɗauke da shi. Abin da nake so mu duba a yau shi ne yadda aikin yake, da wanda yake yin sa, da kuma abin da rashin iya shi yake jawo mana.

Abin da ke cikin kasuwa

Mu fara da Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ke bakin titin Ahmadu Bello, aka kuma sa mata sunan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi bayan rasuwarsa a 1992. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sana'o'in da iyayenmu ba su sani ba suka samu gindin zama a cikinta da kewayenta. Akwai masu sayar da waya sabuwa da ta hannu, akwai masu gyara, akwai masu turi waɗanda ke zuba wa mutum waƙoƙi da finafinai da manhajoji, ga kuma 'yan POS, waɗanda kowa ya san darajarsu a farkon 2023 sa'ad da takardun Naira suka yi wuya.

Galibin wayoyin da talaka ke iya saya a wurin, irin su Tecno da Itel da Infinix, na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsu kuwa yawanci ta kamfanin MediaTek na Taiwan ce, ko ta Unisoc na Sin, dukansu kuma a kan tsarin da ake kira ARM aka ƙera su. Wannan tsari a birnin Kambirij na Ingila aka zana shi, a kamfanin Acorn, inda Sophie Wilson da Steve Furber suka jagoranci aikin, ƙwaƙwalwar farko ta fara aiki a 1985. Amma kwamfutocin da ke kan teburan ofisoshinmu da ɗakunan karatunmu, mafi yawansu na wani gida ne dabam, gidan x86, wanda ya samo asali daga ƙwaƙwalwar 8086 da kamfanin Intel ya fitar a 1978.

Waɗannan gidaje biyu ba sa jin harshen juna. Ƙwaƙwalwar na'ura lambobi kaɗai take ganewa, kowane gida kuma da ma'anar da ya ba lambobinsa. Ga misali guda. Umurnin da ke cewa na'ura ta koma inda ta baro bayan ta gama wani ɗan aiki, a gidan x86 bayit ɗaya ne tak, lamba 195. A gidan ARM mai bit 64 kuwa, umurnin nan bayit huɗu ne, lambarsa ma dabam. In ka ɗauki manhajar da aka gina domin kwamfutar ofis ka zuba ta a waya, daidai yake da ka tsaya a tsakiyar kasuwa kana ciniki da harshen da babu mai ji.

Mafassari

Ba da lambobi masu rubuta manhaja suke rubutu ba. Suna rubutawa ne da harsunan da ɗan Adam ke iya karantawa, kamar harshen C wanda Dennis Ritchie ya tsara a ɗakin bincike na Bell a Amurka wajen 1972. Wannan shi za mu kira rubutun asali. Sa'an nan sai a miƙa shi ga wata manhaja ta musamman wadda Turawa ke kira kwamfaila, mu kuwa bari mu ce mata mafassari, domin aikinta ke nan, ta mai da rubutun asali zuwa lambobin da ƙwaƙwalwar na'ura ke ganewa. Mafassarin da ya fi shahara a cikin waɗanda kowa ke da izinin ɗauka kyauta shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987.

A bisa al'ada, mafassari yana fassara wa na'urar da yake zaune a kanta ne. Amma ana iya shirya shi ya zauna a kan kwamfutar x86 yana fitar da lambobin ARM. Wannan shi ne abin da zan riƙa kira ginin ƙetare. Ku ɗauki misalin tela a layin teloli. Wani maiɗinki yakan zo da kansa, a auna shi, ya dawo ya gwada, in hannu ya yi tsawo a rage. Wani kuwa yana Legas ko Makka, awonsa kawai ya aiko a takarda, tela zai yanka ya ɗinka ya aika ba tare da ya taɓa ganin rigar a jikin mai ita ba. Ginin ƙetare shi ne ɗinki na biyun.

Me ya sa ake shan wannan wahala? Dalili na farko ƙarfi ne. Babbar manhaja kamar tsarin Android takan ɗauki sa'o'i ana gina ta a kan manyan kwamfutoci masu yalwar ma'adana, ƙaramar waya ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba, balle na'urar POS ko akwatin intanet na ofis. Dalili na biyu ya fi zurfi. Sabuwar ƙwaƙwalwa da aka ƙera yau ba ta da mafassari ko ɗaya, shi mafassari kuma manhaja ne, sai an fassara shi kafin ya yi aiki. Ba yadda za a yi a fita daga wannan zagaye sai wata tsohuwar na'ura ta gina wa sabuwar mafassarinta na farko.

Abin ba sabo ba ne. A 1969, lokacin da Ken Thompson ya fara rubuta tsarin Unix a kan wata ƙaramar na'ura mai suna PDP-7, a kan wata babbar na'ura GE 635 ake harhaɗa manhajar, a huda ta a kan zaren takarda, a ɗauka da hannu a kai wa ƙaramar. Haka aka yi ta yi har ranar da ƙaramar ta samu kayan aikinta, ta iya gina wa kanta. Ranar nan aka yaye ta. Haka kuma a 1975, Bill Gates da Paul Allen suka rubuta BASIC domin na'urar Altair alhali ba su da ita. A kan wata PDP-10 ta Jami'ar Harvard suka yi aikin, bayan Allen ya rubuta manhajar da ke kwaikwayon ƙwaƙwalwar Altair. Ya ɗauki zaren takardar ya tafi Albuquerque, aka zuba, ta yi aiki. Da wannan ɗinki na nesa kamfanin Microsoft ya fara.

Wahalhalu uku

Wahala ta farko ita ce awo. Wata ƙwaƙwalwa bit 32 take ɗauka a lokaci guda, wata bit 64. Wata tana ajiye lamba ta fara da ƙaramin gefe, wata ta fara da babba, kamar yadda boko ke farawa daga hagu, ajami daga dama. Mai rubutun da ya ɗauka kowace na'ura irin tasa ce, rigarsa za ta yage a jikin wani. Kada ku ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Na'urori da yawa suna lissafin lokaci ne ta hanyar ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. In a cikin bit 32 ake ajiye ƙirgar, iyakarta 2,147,483,647, za a kuwa kai wannan iyaka ran 19 ga Janairu 2038, daga nan agogon na'urar ya koma shekarar 1901. Maganin abin shi ne a faɗaɗa awon a sake gina manhajar, ba kuwa mai iya sake ginawa sai wanda rubutun asali ke hannunsa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Wahala ta biyu ita ce rashin gwaji. Yawancin manhajoji, kafin a fara gina su, sukan rubuta wasu 'yan ƙananan gwaje-gwaje su kunna, domin su tambayi na'ura irin halinta. A ginin ƙetare wannan ba ya yiwuwa, gama abin da aka fassara domin ARM ba zai tashi a kan x86 ba. Sai dai magini ya ba da amsoshin da hannunsa tun da wuri, ko kuwa ya yi amfani da manhajar kwaikwayo irin QEMU, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2003. Ita wannan kamar gunkin katako ne da tela ke rataya wa riga ya ga zamanta. Tana taimako, amma tana da nawa, kuma ba ta zama daidai da jikin mai riga.

Wahala ta uku ita ce ta fi rikitarwa. Babu manhajar da ke tsaye da ƙafarta ita kaɗai. Wadda ke nuna hoto tana jingine da wata da ta san yadda ake warware hoto, ita ma tana jingine da wata da ta san matse bayanai, haka abin yake sarƙe har ƙasa. To, a ginin ƙetare waɗannan abubuwan dogaro sun kasu biyu, tilas ne kuma a rarrabe su. Ku koma shagon tela. Almakashi da keke da tef, a shago suke zama, hannun tela ya kamata su dace da shi. Yadi da zare da maɓalli kuwa tare da riga suke tafiya, jikin mai riga ya kamata su dace da shi. Haka nan kayan aikin gini dole su kasance na x86 domin a kan kwamfutar magini za su yi aiki, amma sassan da za a ɗinke a jikin manhajar dole su kasance na ARM. In aka yi kuskure aka ɗinka sashen x86 a cikin manhajar ARM, ko dai ginin ya tsaya, ko kuma manhajar ta ƙi tashi a hannun mai ita. Saboda haka ne masu tsarin GNU suka ba kowace na'ura cikakken suna mai gaɓoɓi, kamar aarch64-linux-gnu, wanda ke faɗin jinsin ƙwaƙwalwa, da tsarin da ke tafiyar da ita, da tushen sassan da take amfani da su. Wannan suna shi ne takardar awo.

Dillalin ƙunshi

In manhaja ɗaya tana jingine da hamsin, kowace cikin hamsin ɗin kuma da nata, wane ne zai riƙe wannan lissafi? A nan ne abin da zan kira dillalin ƙunshi yake shigowa. Ƙunshi shi ne manhaja da aka gama ginawa aka ɗaure, tare da takardar da ke faɗin sunanta, da lambar fitowarta, da jinsin na'urar da aka yi ta dominta, da jerin sauran ƙunsoshin da take bukata. Dillali kuwa manhaja ce da ke karanta waɗannan takardu. Ka ce masa kana son abu kaza, shi ya san rumbun da yake, ya san abin da zai zo tare da shi, ya duba hatimin da ke kai ya tabbata ba a sauya kayan a hanya ba, ya shigar da kowanne a gurbinsa, ya kuma rubuta a littafinsa domin ranar da za a cire ko a sabunta. Duk wanda ya taɓa ganin yadda fatoma ke karɓar fatake, ya san mai kaya ya san mai saye, ya kuma tsaya a matsayin shaida, ya riga ya fahimci aikin.

Tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, yana cikin waɗanda suka fara kyautata wannan dabara, da dpkg, daga baya kuma da APT a ƙarshen shekarun 1990. A yau rumbun Debian yana da ƙunshi fiye da 60,000. Da farko dillalin Debian jinsi ɗaya kawai yake yarda ya zauna a na'ura ɗaya. A fitowa ta 7, a 2013, aka shigo da tsarin da ya ba da dama sassan ARM da na x86 su zauna a kwamfuta ɗaya, kowanne a cikin aljihun da ke ɗauke da sunan awonsa, aka kuma fara yi wa ƙunsoshi alama, wannan almakashi ne, wancan yadi ne. Da wannan, ɗalibi mai kwamfutar x86 yana iya gaya wa dillali ya ƙara jinsin arm64, ya ɗauko masa mafassarin ƙetare da dukan sassan da ake bukata, ya gina ƙunshin da zai yi aiki a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012. Gaskiya ne Debian takan gina ƙunsoshinta na hukuma a kan na'urori na ainihin kowane jinsi, domin a samu damar gwaji. Amma duk sa'ad da sabon jinsi ya zo, da ginin ƙetare ake ɗora masa harsashi. Ta irin wannan hanya jinsin RISC-V, wanda aka fara zanawa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, kuma ba a biyan kowa kuɗin izini kafin a ƙera shi, ya taso har ya shiga jerin jinsunan hukuma a fitowar Debian ta 13, a 2025.

Akwai wasu dillalan da suka bi wata hanya. Nix, wanda Eelco Dolstra ya fara a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a 2003, da Guix da ya biyo sawunsa a 2012, suna rubuta wa kowane ƙunshi cikakken bayanin yadda ake haɗa shi, suna ware kayan aiki daga kayan ɗinki tun a cikin bayanin, ta yadda sauya awo kawai ya isa a nemi a sake gina abu da duk abin da yake jingine da shi domin wata na'ura. Ba kowane ƙunshi ke ginuwa lami lafiya ta wannan hanya ba, amma dubbai suna yi. Masu ƙera ƙananan na'urori kuwa sukan yi amfani da Buildroot, ko Yocto wanda aka kafa a 2010, ko OpenWrt na akwatunan intanet, waɗanda duk aikinsu shi ne su gina cikakken tsari daga tushe domin na'urar da ba ta iya gina wa kanta.

Mu koma rumfar mai turi

Yanzu za ku gane wani abu da ke faruwa kullum a kasuwa. Manhajar Android yawanci kashi biyu ce. Kashi ɗaya an rubuta shi da Java ko Kotlin, wayar ce da kanta ke ƙarasa fassara shi. Ɗaya kashin, wanda ke yin aiki mai nauyi kamar sarrafa murya da bidiyo, an riga an yi masa ginin ƙetare, sau ɗaya domin ARM mai bit 32, sau ɗaya domin mai bit 64. Tun daga Agusta 2021, Google Play ya wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari wanda a cikinsa dillali ke duba wayarka ya aiko maka da yankin da ya dace da ita kaɗai. Wannan yana rage cin data. Amma in aka kwafo manhajar daga wayar wani aka tura a taka ta Xender, mai yiwuwa rabi aka kwafo, ko kuwa rigar da aka yanka a kan awon wani ce. Sai ta ƙi shiga, ko ta shiga ta riƙa mutuwa, mai waya ya zargi mai turi, mai turi ya zargi wayar, alhali ba wanda ya san ainihin dalili. Wayoyi masu araha da yawa tsarin bit 32 aka zuba musu, masu rubuta manhaja a ƙasashen da suka ci gaba kuwa hankalinsu yana komawa kan bit 64. Ranar da mai manhaja ya ga gina ta bit 32 ba ta biyan wahalarsa, ya daina, wayar tana nan lafiya lau a hannun mai ita amma an rufe mata ƙofa. Ba a Kaduna ake yanke wannan hukunci ba, ba kuma a tambayarmu.

Sa'an nan ga batun amana. Manhajar da aka karɓa hannu da hannu ta kauce wa dillali da rumbunsa. Irin su GB WhatsApp, waɗanda wasu suka buɗe ta asali suka sauya suka sake ɗaurewa da nasu hatimin, ba wanda zai iya gaya muku abin da aka cusa a ciki, ga shi kuwa a wayar nan ɗaya mutum ke ajiye manhajar bankinsa. Kada kuma ku zaci manyan rumbuna sun fi ƙarfin ɓarna. A watan Maris 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfuta tasa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi diddigi sai ya tarar an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, wata 'yar manhajar matse bayanai wadda dubban ƙunsoshi ke jingine da ita. An ɓoye ta ne a cikin matakan gini, an kuma shirya ta yadda ba za ta dasu ba sai in ana gina ƙunshin Debian ko na RPM domin x86 mai bit 64. An kama abin kafin ya bazu, domin kayan a buɗe suke, an kuma samu mutumin da ya iya duba su. Tun a 1983 Ken Thompson ya yi gargaɗi, a jawabinsa na karɓar lambar Turing, cewa mafassari kansa yana iya zama maha'inci. Shi ya sa tun wajen 2013 masu Debian da wasunsu suke ƙoƙarin ganin cewa in mutum biyu suka gina ƙunshi ɗaya daga rubutun asali ɗaya, abin da za su samu ya zo daidai bayit da bayit, domin kowa ya iya binciken aikin ɗan'uwansa.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, mutanen Kaduna sun san bambancin harhaɗawa da ƙerawa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri a 1957, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Injinan saƙa da sassan mota daga waje suke zuwa, da canjin kuɗi ya yi tsada, kayan waje kuma suka cika kasuwa, a shekarun 2000 galibin masaƙun nan suka rufe, dubban magidanta suka rasa abin yi. A gefe guda kuma ga Panteka, inda maƙera da masu walda ke kallon inji su kwance shi su ƙera irinsa. Abin da ya bambanta manhaja da injin saƙa shi ne, kayan aikinta ba sa bukatar jirgin ruwa ko takardar izinin shigo da kaya. GCC da Debian da Nix da QEMU duk kyauta ne, da rubutunsu na asali, da izinin sauyawa. Abin da ake nema tsohuwar kwamfuta ce, da wuta, da haƙurin karatu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangarori uku.

Ga ɗalibai, musamman na kimiyya da injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Jami'ar Jihar Kaduna: kada karatunku ya tsaya a kan rubuta manhaja a danna maɓalli ta fito. Ku ɗauki ƙaramin ƙunshi guda, ku gina shi domin ARM a kan kwamfutarku, ku ga inda zai tsaya, ku gano dalili. In kun gyara, ku aika wa masu rumbun gyaran, domin haka dubban masu aikin sa kai suka koyi sana'ar, ba a kuma tambayar mutum takardar shaida kafin a karɓi gyara mai kyau. Ku duba kuma yadda harshenmu yake a ciki. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin ma'aunin Unicode, amma ko za su fito a fuskar ƙaramar na'ura, wannan ya danganta ga wanda ya zaɓi ƙunsoshin da aka zuba mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga hukumomin makarantunmu: a ware kwamfuta ɗaya mai babbar ma'adana a kwafo rumbun ƙunsoshi a ajiye a cikin harabar makaranta, yadda ɗalibi zai ɗauki abin da yake so ba tare da ya ƙone kuɗin abincinsa a kan data ba. Jami'o'i da yawa a duniya suna yin haka, kuɗinsa kuma bai kai na motar ofis guda ba.

Ga ku ma'aikata, waɗanda gobe za ku zauna a kwamitin ba da kwangila: duk lokacin da ma'aikatarku za ta sa a rubuta mata manhaja, ko ta sayi na'urorin karɓar haraji ko na ɗaukar bayanan ma'aikata, ku yi tambaya uku kafin a sa hannu. Wa zai riƙe rubutun asali? Ina bayanin yadda ake gina shi, da jerin abubuwan da yake jingine da su? In an daina ƙera irin wannan na'ura, ko ɗan kwangila ya ɓace, wa zai iya sake gina manhajar domin wata? Ku sa amsoshin a cikin yarjejeniya, ku kuma sa wani ma'aikacinku ya gwada ginin da hannunsa kafin a biya kuɗin ƙarshe. Na ambata muku shekarar 2038 ɗazu. Na'urar da aka saya bana tana iya kaiwa wannan lokaci tana aiki, yawancinku kuma kuna nan a bakin aiki, wasunku ma ku ne manyan sakatarori. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu gyaran waya na Babbar Kasuwa sun koyi sauya gilashi da narka dalma da sake zuba wa waya tsarinta, galibinsu ba tare da sun shiga aji ba. Abin da suke zubawa dai wani ne ya gina shi a wata ƙasa. Ku da al'umma ta ɗauki nauyin karatunku, ku ya kamata ku ɗora daga inda suka tsaya, ku kuma koma ku koya musu abin da kuka gano, domin su ne ke fuskantar mai waya kowace safiya.

Malam Shugaba, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani.